Ranar da Baffa Ya Ce Ba Ni da Sa

A shekarun da aka fara aikin dam a gefen Dutsin-Ma, ina zaman aure da 'ya'ya biyu a wani ɗan ƙauye kan hanyar Kurfi. A lokacin ne ƙungiyar manoma ta zo da wani tsari da ya hana ni sukuni. Sharaɗin ba shi da tsawo. In gida ya tara har ya mallaki sa ɗaya da ya isa huɗa, ƙungiya za ta ba shi na biyu kyauta, ta haɗa mashi da garma da karkiya. Kai ka kawo ɗaya, su su kawo ɗaya. Wai da ruwan ciki ake jan na rijiya, haka aka faɗa wa maza a bakin masallaci.

Maigidana ne ya kawo mani labarin. Yana faɗa yana kallon bango, yana wasa da igiyar guga kamar ba da ni yake ba. Na gane dalili. Akwai sa a gidanmu, amma nawa ne, ba nashi ba, kuma namiji mai kunya ba ya buɗe baki ya roƙi dukiyar matarshi. Na bar shi ya gama kewaye-kewayenshi, sannan na ce mashi gobe tun da safe ya je ya ba da sunanmu, kada ya tsaya shan koko.

Sai wanda ya yi noman hannu zai san abin da ya sa na yi rawar jiki haka. Gonarmu ba ta da laifi, gadon maigida ce, amma kowace damina ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa. Ruwan farko na sauka, hatsinmu ya riga ya ƙare, dole ya tafi ƙwadago gonakin masu hali don mu ci. Kafin ya juyo kan tamu ciyawa ta kai gwiwa, gero ya yi ja kamar mai ciwon shawara. Mu girbe ɗan abin da ya samu, ya ƙare kafin bazara, a sake komawa ƙwadago. A shekarar nan har ya fara zancen jinginar da gonar ya tafi kudu neman aiki. Na san maza da yawa da suka tafi haka, na kuma san gonakinsu a hannun wa suke yanzu. Shanun huɗa biyu za su gama mana gonarmu a kan lokaci, har a yi wa wasu huɗa su biya. Wannan kawai nake gani a gabana.

San nawa kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Da akuyar da uwata ta ba ni ranar tarewa aka fara. Ina matsar man gyaɗa, ina tuya ƙuli-ƙuli, ina zubin adashi da matan unguwa. Duk kwasar da ta zo kaina sai ta koma akuya ko tunkiya. Tsarar aurena suna ɗinka atamfa da salla, ni ina wanke tsohuwa in sa mata shuni. Har tsiya suke mani wai zanina ya san hanyar gidan kowane biki da kanshi. Na ce oho, su yi ta yi. Ranar da awakin suka isa, na sa aka kora su kasuwar Dutsin-Ma aka dawo mani da maraƙi fari mai baƙin kunne, ƙafafu kamar sillen kara.

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta hana a ɗaure shi a gida. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In dangi suka ga sa a turke, kowane suna da kowane aure sai an zo an zauna mana a tsakar gida da dogon gaisuwa, har sai an sayar da shi an raba. Gaskiya ta faɗa. Sai muka kai shi rugar wani dattijon Bafillatani da ke bayan ƙorama, wanda kowa ke kira Baffa. Matarshi, Goggo, ita ke kawo mana nono tun ina amarya, kuma ta riƙe ni kamar ɗiyar cikinta. Lokacin da na haifi na fari, ita ta yi ta aiko mani da man shanu ba ta karɓi ko kwabo ba. Baffa ya karɓi maraƙin ya sa cikin garkenshi, ya ce amana ce, in Allah ya yarda ba abin da zai same shi. Ni kuma in na yi matsa in aika da tunkuza da kanwa. Haka maraƙi ya zama bijimi, ba wanda ya sani sai mu.

To, ƙungiya ta ce ba a kawo mata sa ofis. An riga an gwada haka a wani wuri, mutane suka yi ta aron shanun juna suna nunawa, sa ɗaya ya yi wa gida da yawa aiki. Don haka malamin gona ne zai zo da kanshi, ba tare da ya faɗi rana ba, ya ga san a inda yake kwana, ya ji daga bakin mai kiwonshi. Gani ya kori ji. Zuwa ɗaya ne kuma, don masu nema sun fi shanun yawa.

Maigida ya je ya shaida wa Baffa. Ya dawo ya ce mani Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce to. Ni da na san Fulani, wannan "to" ɗin bai kwanta mani ba. Na tambayi Goggo da ta zo tallar nono, sai ta sauke ƙwarya ta yi ƙasa da murya. Wai Baffa ya ce tun da uwarshi ta haife shi bai taɓa ganin hukuma ta ba mutum saniya ba, abin da ya sani ta ƙirga ta ɗauka. An ce an soke jangali, harajin shanu, to shi bai yarda ba, dabara ce don a fito da shanu fili. A zamanin jangali an taɓa tsare mashi shanu a rana har sai da ya sayar da karsana biyu ya fanshe su. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na roƙi Goggo ta lallashe shi, ta ce za ta yi, amma kai na namiji ba ƙwarya ba ce da za a fafe.

Malamin ya zo wata ranar bazara da hantsi, ana zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Maigida ya tafi leburanci wurin dam tun asuba. Ina cikin ɗaki ina murza tunkuza, hannuna duk mai, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, an yi sallama. Inna na zaune a zaure tana kaɗi, ita ta amsa. Na kasa kunne. Baƙon ya gaishe ta da ladabi, ya ce daga ƙungiya yake, ya zo ganin san gidan nan.

"Sa? Ɗan nan, ka yi ɓatan kai. Mu ko kaza ba mu da ita."

Inna ta san komai, da ita aka yi shawara. Amma ta ga mutum da kaki da biro a aljihu, bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa wa masu haraji tun zamanin Turawa. Na jawo mayafi da hannun mai na fito, goyo a baya, ko takalmi ban sa daidai ba.

Malamin dogo ne, Kirista daga can kudancin Zariya, ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarshi ta fi ta wasunmu. Ya riga ya juya kan babur. Na gaishe shi na ce tsohuwa ba ta ji da kyau, akwai sa, yana ruga bayan ƙorama. Inna ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Ya dube ni ya dubi Inna, ya ce shi ba ya son shiga maganar cikin gida, amma uwar maigida ta ce babu, matar maigida ta ce akwai, wanne zai ɗauka? Na ce ya ɗauki idonshi. Ya ɗan yi murmushi, ya ce to mu je, amma akwai gidaje a Kurfi da ke jiranshi kafin azahar.

Ba yadda za a yi in hau bayan babur ɗin baƙon namiji, gari ya ɗauka. Sai na shiga gaba da ƙafa, shi yana bina a hankali, babur na ta tatata a cikin yashi. Sai da muka yi rabin hanya na farga. Wannan ƙarar ana jinta tun daga nesa, kuma a dajin nan ba mai hawa babur sai ma'aikacin hukuma. Na juyo na roƙe shi ya kashe injin. Ya kashe, ya ci gaba da turawa yana zufa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Da muka hau tudun rugar na ga abin da nake tsoro. A lokacin zafi irin wannan Baffa ba ya sakin shanu da wuri, suna kwance ƙarƙashin gawo har rana ta ɗan karya. Ranar kuwa wurin fayau. Ga kashin shanu ɗanye yana tururi, ga ƙura ba ta gama kwantawa ba ta wajen ƙorama, amma ba ko wutsiya. 'Yan maruƙa kawai aka bari ɗaure a igiyar dangwali, da wata tsohuwar saniya mai ɗingishi. Samarin rugar duk sun ɓace. Baffa na zaune a kan buzu yana tufkar igiya, kamar tun jiya yake nan.

Aka yi gaisuwa, irin doguwar nan ta Fulani, gida, yara, zafi, gajiya. Ni ina tsugune ina ji kamar in yi ihu. Goggo ta kawo wa baƙo nono a sabuwar ƙwarya, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Da aka gama, malamin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce matar nan ta ce tana da sa a hannun Baffa.

Baffa bai ɗaga kai daga igiyarshi ba.

"Ni ba wanda ya ba ni ajiya. Shanun ma ina suke? Ga abin da Allah ya bar mani nan kana gani."

Malamin ya yi mashi bayani da haƙuri. Ya ce shi ba ruwanshi da haraji, ba a aiko shi ƙirga dabbar kowa ba, jangali ya mutu an binne shi. Sa ɗaya kawai zai duba, ya ga haƙoranshi da ƙafafunshi, ya tafi. Baffa yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne, Allah ya saka da alheri. Da malamin ya kai aya, Baffa ya sake cewa shi dai ba a ba shi ajiyar kowa ba. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallo na tausayi, irin wanda ake yi wa yaron da ke miƙa hannu cikin wuta. A nan na gane. Mutumin nan ba cuta ta yake yi ba. A ganinshi ceton san yake yi daga hannun hukuma, da kuma daga wautata. Da ya yi niyyar cin amana ne da abin ya zo mani da sauƙi.

Na matsa kusa na yi mashi magana ƙasa-ƙasa. Na tuna mashi maigida ya zo ya gaya mashi. Na ce da yardarmu ne, mu muka kira mutumin nan. Na ce gonarmu ce za ta tafi. Ya ce in yi haƙuri, yarinya ce ni, wata rana zan gode mashi.

Malamin ya miƙe ya karkaɗe wandonshi. Ya ce mani ba wai ya ɗauke ni maƙaryaciya ba ne, shi ma yana da ido, ya ga sawu. Amma mutum biyu manya sun ce babu, shi kuma bai ga sa ba, ba zai iya komawa ya ce ya gani ba. In ya yi wa ɗaya haka, gobe kowa ya zo da labari. Ya ce in sake nema baɗi in tsarin ya kai. Ya kama babur ɗinshi ya fara juya shi.

Baɗi! Ni na san baɗi gonar tana hannun wani. Ina da zuciya, kowa ya sani, uwata ma ta ce da ita aka haife ni. Amma ɗaga wa dattijo murya a gaban baƙo, a cikin gidanshi, wannan ko mahaukaciya sai ta yi tunani. Kuma in na ce mashi ƙarya yake yi, na zagi uba. Matan rugar sun fito bakin bukkoki sun tsaya. Yaron da ke bayana ya fara kuka, na jijjiga shi da ƙarfin da ya wuce kima.

Sai na miƙe tsaye. Ban ɗaga murya ba, amma na yi yadda kowace mace a wurin za ta ji.

"Baffa, na ji. Ka ce ban ba ka ajiya ba. To shi ke nan, ban ba ka ba. Goggo ki shaida, ku ma ku shaida. Daga yau ba ni da sa a rugar nan, ba zan ƙara tambaya ba. Na bar maka, Allah ya sa ka ci lafiya."

Na juya na kama hanya.

Na san abin da na yi. Bafillatani zai iya ɓoye wa hukuma saniya ya kwana lafiya, wannan ba abin kunya ba ne a wurinsu. Amma a ce ya ci amanar mace, talaka, mai goyo, a gaban matanshi da surukanshi, wannan maganar kafin kasuwa ta ci ta kai kowace ruga daga nan har Kurfi. Ƙaryar da ya yi don ya kare ni, na mayar mashi da ita gaskiya na ɗora mashi a ka. Ina tafiya ina sane da cewa in ya bar ni na tafi, to na rasa na biyu na kuma rasa na farko da bakina. Na ji malamin ya taka babur sau ɗaya bai tashi ba. Ya sake takawa.

Sai na ji kiran.

Ban taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya miƙe, ya sa hannu a gefen baki, ya yi wani dogon kira da Fulatanci ta wajen ƙorama. Ba yaro ko ɗaya a rugar da zai aika a zaro sa ɗaya, shi kuma ƙafa ta tsufa, babur na shirin tashi. Muryarshi kawai ta rage mashi, kuma shanun Baffa ba sa jin muryarshi su tsaya. Sai kukan saniya daga cikin duhuwa, sai wata ta amsa. Can sai ga su suna hawowa daga ƙorama, farare, ƙaho na haɗuwa da ƙaho, samari na gudu a gefe suna ƙoƙarin tare su sun kasa. Garken duka ya fito fili. Ni kaina da nake zuwa rugar ban san sun kai haka ba.

Baffa ya shiga tsakiyarsu ya kamo nawa ta kunne ya jawo shi gaban malamin. Ya ce ga shi, nata ne, tun yana maraƙi ta kawo shi, da guminta ta saya. Malamin ya buɗe bakin san ya duba, ya ɗaga ƙafafunshi ɗaya bayan ɗaya, ya shafa doronshi. Ya ce ya isa huɗa har ya yi yawa, in gaya wa maigida ya zo Dutsin-Ma ranar kasuwa. Na durƙusa a wurin ina hawaye, ban ma san na durƙusa ba.

Da malamin ya hau babur, sai ya waiwaya ya dubi garken, ya ce wa Baffa da zuciya ɗaya, kai, Allah ya yi albarka, rabon da ya ga shanu masu kyau haka ya daɗe. Yabo ne kawai irin na mai son dabba. Amma na ga fuskar Baffa lokacin da ya ji. Ma'aikacin hukuma ya ga dukiyarshi da rana tsaka, har ya yaba.

Na je in yi wa Baffa godiya, ya ce ba komai, in tafi rana na dukan yaro. Goggo ta shige bukka ba ta fito ba.

Maigida da ya dawo ya ji labari, bai san ko ya yi murna ko ya yi faɗa ba, sai ya yi duka biyun. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ido a tsakar ka irin nawa ba. Na ce mata da na biye wa bakinta da yanzu ko kazar ma da gaske ba mu da ita. Ranar kasuwa aka ba mu sa ja mai gajeren ƙaho da garma sabuwa fil tana ƙamshin fenti, maigida ya koro shi tun daga Dutsin-Ma yara na binshi.

Washegari da sassafe aka yi sallama. Baffa ne da kanshi, riƙe da igiyar farin san. Bai aiko yaro ba. Maigida ya shimfiɗa mashi tabarma ya ƙi zama. Aka kawo maganar ladan kiwo na shekarun nan, ya ɗaga hannu ya ce a bar ta. Ya sa aka kira ni, ya miƙo mani igiyar a hannuna.

"Ga amanarki. Ki duba shi da kyau, a gaban mijinki."

Na ce haba Baffa, wane dubawa kuma. Ya ce a'a, in duba. Ya tsaya sai da na zagaya san kamar mai saye a kasuwa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya ce madalla, ya juya ya tafi.

Na ce bari in bar zuciyarshi ta huce. Bayan 'yan kwanaki na soya ƙuli-ƙuli mai yawa, na cika kwalba da mai, na sayi goro da turmin atamfa na Goggo, irin wanda ban taɓa saya wa kaina ba. Na ɗora a ka na haye ƙorama ina ta shirya kalaman da zan faɗa.

Ba kowa a tudun. An kwashe bukkokin, sai da'irar inda suka zauna da duwatsun murhu da toka. Wani mai saran itace ya ce mani sun tashi shekaranjiya, sun yi arewa, an ce ko Maraɗi za su tsallaka. Baffa ya shekara ashirin da wani abu a wurin nan, a nan ya binne iyayenshi.

Daminar nan gonarmu ce ta farko da aka yi wa huɗa a ƙauyen, kuma ba a ƙara zancen jingina a gidanmu ba. In aka mayar da ni ranar, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, ba ni da wata hanya. Amma ranar da na dawo daga tudun da kayan a kaina, na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar uwata. Har yau ban samu wanda ya ce mani ya ga Goggo ba.